Wanda Ya Kuɓuce wa Otilia

Shekara talatin da ɗaya Otilia ta yi
a gidan buga kuɗi na Kremnica,
garin da ya lafe a cinyar duwatsu.
Sulalla na wucewa gabanta kamar ruwan kwazazzabo,
ita kuwa aikinta ɗaya: tsince mai aibi.
Mai karkataccen hatimi, mai giɓi a gefe,
duk ta watsa su bokiti, a mai da su wuta.

Yanzu ido ya yi hazo,
gwiwa na yi mata bushara kafin ƙanƙara ta sauka.
Ran Asabar jikanta Radko ya shigo
da gwangwanin biskit cike da tsofaffin koruna
waɗanda ko mai burodi ya daina karɓa.
Ya ce, "Kaka, an ce yanzu kuskure kuɗi ne.
Ɗauko sandarki mu je wurin Kornel."

Shagon Kornel warin tagulla yake, da tsohuwar takarda.
Ya shimfiɗa ƙyalle, ya maƙala gilashi a ido ɗaya,
ya ɗauki na farko.
"Wannan zanen ya nutse ciki, yaro.
Ƙusa ce ta karce shi, ko taya ta taka.
Da hatimin ne ya tsage, da layin ya taso
kamar jijiya a bayan hannun kakarka.
Raunin titi ba ya da kasuwa."

Na biyu yana da giɓi. Ya ɗora a sikeli, ya juya shi.
"Magagari ya ci wannan, ga sawun haƙoransa.
Giɓin gaskiya santsi gare shi,
kuma ɗaya gefen yakan yi laushi, don tausayin ɗan'uwansa."

Na uku haruffansa sun yi inuwa.
Radko ya riƙe numfashi.
"Inji ne ya yi rawa, ba hatimi ne ya ninku ba.
Irinsu sun fi tattabarun dandali yawa.
Abin da kowa ke da shi, wa zai biya?"

Na huɗu na walƙiya kamar sabon cokali.
"Wa ya goge shi?"
Radko ya sunkuyar da kai. Toka da lemun tsami, daren jiya.
"Ka wanke masa shekarunsa, ka wanke kuɗinsa."

Saura ɗaya a gindin gwangwani.
Kornel ya yi shiru, ya jawo fitila.
Hatimi ya sauka a karkace,
rabin zakin a ciki, rabi ya fice,
gefe guda fili fetal kamar jinjirin wata,
amma shekarar na nan, lamba huɗu, ba wadda ta ɓata.
Nauyi daidai. Ba hannun da ya taɓa gyara shi.
"Wannan daga cikin gida ya fito haka.
Wani mai gadi ya yi gyangyaɗi.
Yuro ɗari da hamsin, yanzu."

Otilia ta karɓi gilashin ta karanta shekarar.
An ce wanzami ba ya son jarfa.
Shekarar ce uwar Radko ta kwanta da zazzaɓi,
dare goma sha ɗaya tana jiƙa tsumma tana ɗora mata a goshi,
gari na wayewa ta nufi layin sulalla
da ido kamar an zuba yashi.

"Ba gyangyaɗi ba ne," in ji ta. "Jinya ce."

Kornel ya ce ɗari biyu.
Ta naɗe sulen a hankici,
ta cusa a aljihun kwat, ta danne da tafi.
Miliyan nawa ta sallama lafiya lau,
ba wanda ya taɓa tambayar sunanta.
Wannan kaɗai ya san ta.

A hanyar gida Radko na ta lissafi da yatsu.
Ta tsaya, ta saya masa gasasshen gyaɗa mai sukari,
ta ƙirga canjin ɗaya bayan ɗaya,
tana juya kowanne, don sabo.